Bincike kan koyarwa a kundin digirin fiziks: a karɓa ko a mayar?

Ɗalibar aji huɗu: Assalamu alaikum malamaina. Na kai taken kundina, ina so in auna fahimtar 'yan aji ɗaya game da dokokin Newton kafin darasi da bayansa. An dawo mini da shi, wai ba fiziks ba ne.

Dokta mai ɗakin gwaji: Wa alaikumus salam. Gaskiya aka faɗa miki, 'yata. Mai son wannan, ga Tsangayar Ilimi can. Kundi ne kaɗai damar da ɗalibi yake da ita ya riƙe na'ura, ya auna, ya lissafa kuskuren awonsa. In ya tafi rabon takardun tambayoyi, yaushe zai koya?

Malamar aji ɗaya: Dokta, a yi mini afuwa, ba irin takardar "kana son fiziks ko ba ka so" take nufi ba. Akwai gwajin FCI, mai auna fahimtar ɗalibai game da dokokin Newton, da David Hestenes da abokan aikinsa biyu suka fitar a 1992. Ga irin tambayarsa: babbar mota ta yi karo da ƙarama, wacce ta fi bugun wata? Yaron da ya haddace doka ta uku zai ce babbar, alhali bugun daidai yake. A 1998 Richard Hake ya tara sakamakon ɗalibai sama da 6,000. Masu sauraron lacca zalla sun cike kusan kashi ɗaya cikin huɗu na giɓin fahimtar da suka shigo da shi, waɗanda aka sa suna tattaunawa da warware tambayoyi a aji kusan rabi. Wannan ba awo ba ne?

Tsohon ɗalibi: Ai Carl Wieman ma, mai kyautar Nobel ta 2001, koyarwa ya mayar da hankali a kai. Shi ya kafa PhET, shafin intanet na kwaikwayon gwaje-gwajen kimiyya don ɗalibai.

Dokta mai ɗakin gwaji: Nobel ɗin a ɗakin gwaji ya samo shi, ba a rabon takarda ba.

Tsohon ɗalibi: Yallabai, mu tara muka yi layi a na'urar binciken ruwan ƙarƙashin ƙasa guda ɗaya. Uku suka taɓa ta, sauran muka kwafi lambobi.

Dokta mai ɗakin gwaji: Wannan laifinmu ne, kuma a ɗakin gwaji za a gyara shi. Sannan wa zai duba aikin nata? Mai jarrabawa daga waje zai tambaye ta ƙididdiga, mu kanmu ba mu karanta irinta ba.

Ɗalibar aji huɗu: Malam, abin da ya ja ni shi ne force da energy da power, ukun nan duk "ƙarfi" muke ce musu a gida. Ina zargin yara da Hausa suke tunani suna amsawa da Turanci, a nan suke tuntuɓe.

Dokta mai ɗakin gwaji: Zargi ba sakamako ba ne. Yaya za ki raba matsalar harshe da rashin gane Newton? Rubuto mini hanyar a shafi biyu, ki kawo ofis ranar Litinin. Ban ce na yarda ba.