Ciwon ƙugu ya hana ni zama kan keken ɗinki, ko ostiyofati zai yi min amfani?

Tela Mai Keke:
Assalamu alaikum. Wata biyar ke nan ƙuguna yana ciwo ta gefen dama, daidai inda tazuge yake zama. Ɗinki nake yi, wata rana awa tara ina duƙe kan keke. Da safe sai na dafa bango nake miƙewa, in na ɗan zazzagaya kuma ya saki. Na sha maganin kashe zafi har cikina ya fara ƙorafi. Wata kwastomata ta ce in gwada ostiyofati, wai da hannu kawai suke aiki, suna mayar da ƙashin da ya goce. Tausa ce aka sauya wa suna ko kuwa? Kada garin neman gira a rasa ido.

Ma'aikaciyar Sashen Gashi:
Wa alaikumus salam, sannu Malam. Akwai tausa a ciki, amma ya wuce nan: suna jan tsoka, su jujjuya gaɓa a hankali, wani lokaci su yi mata dannawa ɗaya da sauri har ka ji ƙas. Wani likita Ba'amurke, Andrew Taylor Still, ya kafa hanyar a 1874, ya buɗe makarantarta a Kirksville, jihar Mizuri, a 1892. Batun mayar da ƙashi kuwa, cire shi daga ranka. Ƙarar nan iska ce a cikin ruwan gaɓa, irin ta ƙwanƙwasa yatsu. Ƙashin baya ba ya gocewa haka kawai mutum ya ci gaba da taka keke.

Abin da bincike ya fi goyon baya shi ne ciwon ƙasan baya irin naka, shi ma sauƙi ne matsakaici. Hukumar NICE ta Ingila, mai fitar da ƙa'idojin kula da marasa lafiya, a shawarwarinta na 2016, cewa ta yi aikin hannu sai an haɗa shi da motsa jiki. Duk wanda ya ce zai warkar da asma da shi, ka wuce abinka.

Baban Tagwaye:
Ni na je, zuwa huɗu. Ranar farko kusan awa guda, rabinta tambayoyi ne da kallon yadda nake sunkuyawa. Washegari jikina kamar an yi min duka, har na yi da-na-sani, a kwana na uku sai na ji wasai. Amma fa in gaya maka gaskiya, atisayen da mai ostiyofatin ta koya min ne ya riƙe ni. Da na yi sakaci da shi sati biyu, ciwon ya dawo gidansa.

Ma'aikaciyar Sashen Gashi:
Na manta wani abu mai muhimmanci. In ƙafa ta fara sanyi ko rauni, ko tsakanin cinyoyi ya mutu, ko fitsari ya ƙi riƙuwa, asibiti za ka nufa a ranar. Haka in akwai zazzaɓi ko rama ba dalili. Mai raunin ƙashi da mai shan maganin tsinka jini su faɗa kafin a taɓa su. Ka kuma tambayi takardar mutum: a Birtaniya a ƙarƙashin dokar 1993 sai mai rajista, a Amurka cikakkun likitoci ne, wasu ƙasashen kuma kowa zai iya kafa allo.

Tela Mai Keke:
Na gode Hajiya, babu ko ɗaya cikin alamun nan. Likita zan fara gani saboda cikin. Baban Tagwaye, wane atisaye ne, ana iya yinsa tsakanin ɗinki da ɗinki?