Layin XRD da SEM a babban lab na jami'a, me ya kamata in sani kafin ranata?

Ɗalibar_Mastas:
Assalamu alaikum jama'a. Don Allah masu binciken kayan ƙere-ƙere ku ɗan haska min. Aikina na mastas a kan garin magnetayit ne, sinadarin ƙarfen nan mai maganaɗisu, kuma malamin da ke duba aikina ya ce sai na yi XRD, wato awon tsarin sinadari da hasken X-ray, da hoton SEM, wato na'urar girmama hoto mai aiki da elektron, kafin mu ci gaba, to sashenmu ba mu da ko ɗaya sai babban lab ɗin da duk jami'a ke amfani da shi, 'yan kemistri da fiziks da injiniyoyi har masu nazarin duwatsu duk can ake haɗuwa. Na cike fom an sa ni a layi, wai kuma ko layi ya zo kaina ba ni zan taɓa na'urar ba sai na yi horo. Wai me ya hana kowane sashe ya sayi tasa ne? Sannan me zan shirya?

Teknishan_Lab:
Wa'alaikumus salam ƙanwata. Aikina kenan kullum, kuma tun kafin komai ki koma ki rubuta a fom ɗin cewa garinki yana da maganaɗisu, kar ki bari sai ranar. Ita SEM da maganaɗisun lantarki take sarrafa hasken elektron ɗinta, idan garin bai manne da kyau ba sai ya tashi ya laƙe a bakin lens ɗin, shi kenan hoto ya lalace wa kowa har sai an buɗe an goge, masu layi a bayanki duk su tsaya. Dalilin horon kenan, ba wai raina ku ake ba wallahi. Ɗan kaɗan ake ɗiba a kan tsinke a ɗora a kan tef ɗin kabon, a hure ragowar da iska. Kuma ya bushe ƙarau, domin ana zuƙe iskar cikin na'urar ne gaba ɗaya, danshi ko maiƙo na ɓata ta.

Sai XRD, nan ne ɗalibai ke shan wahala ba su san dalili ba. Yawancin na'urorin da bututun jan ƙarfe suke samar da hasken X-ray, tsawon zangon haskensa angistirom 1.54 (angistirom ɗan ƙanƙanin ma'aunin tsawo ne), to duk samfur mai baƙin ƙarfe da yawa irin magnetayit idan wannan hasken ya doke shi sai shi ma ya riƙa fitar da nasa, ƙasan jadawalin sakamakon ya yi sama ƙananan tsinayen su nutse. Ki tambaya ko suna da bututun kobalt, ko za su iya saita na'urar ta tace wancan hasken.

Malamin_Fiziks:
Malam Teknishan ya gama magana a kan shiri. Ni batun saye zan taɓa. 'Yar'uwa ba sayen ne matsala ba, riƙon ne. Na'urar nan tana son wuta mai tsayawa daram, da ruwan sanyaya bututu, da ɗakin da ƙasa ba ta girgiza, da kwangilar gyara duk shekara, uwa uba mutum guda da ya san ta ciki da bai. Sashe ɗaya ba shi da samfuran da za su sa ta aiki kullum, ranar da ta tsaya kuma ba kuɗin gyara sai a lulluɓe ta da ƙyalle. Ko a Amurka hukumar NSF mai tallafa wa binciken kimiyya cibiyoyin haɗaka take tallafawa a jami'o'i, ana ce musu MRSEC, har na waje suna zuwa su yi aiki. In aka je kan manyan na'urori irin sinkurotiron, mai samar da hasken X-ray mai ƙarfi sosai, ma ƙasashe ne ke haɗa hannu, ga ESRF a Grenoble ta Faransa, ga SESAME a Jodan da aka buɗe a 2017, wadda Masar da Iran da Isra'ila da Falasɗinu da Turkiyya duk mambobi ne. Takardar neman lokaci kake rubutawa a tantance. Afirka har yanzu ba ta da ko ɗaya, abin yana damuna sosai.

Mai_Digirin_Uku:
Ranka ya daɗe na yarda da haɗakar, amma gaskiya a gyara tsarin layi. Wani zai kama yini guda bai zo ba bai sanar ba, na'ura na zaune ɗalibai na jira. A sa jadawalin a intanet kowa ya gani, wanda ya yi fashi a mayar da shi baya, waɗanda suka ci horo kuma a buɗe musu dare da ƙarshen mako. Ke kuma 'yar'uwa ki karɓi ainihin fayil ɗin bayanan, kar ki yarda da hoton jadawali kawai, kuma ki sa sunan lab ɗin a godiyar takardarki don da wannan suke neman tallafi.

Ɗalibar_Mastas:
Allah ya saka da alheri, gobe zan gyara fom ɗin in sha Allah. Malam Teknishan, XRD kaɗai za ta tabbatar min magnetayit ne?

Teknishan_Lab:
A'a, ita da maghemayit, wani sinadarin ƙarfe makamancinta, jadawalinsu kusan ɗaya ne. Ki nemi layin Raman, awon da ake yi da hasken leza wanda ke bambanta su, tun yanzu, ki ce musu a rage ƙarfin leza, in ya yi yawa zafinsa yana mayar da garin ya zama hematayit, wani sinadarin ƙarfe daban, ana tsakiyar awo.