Muhawara: Rajistar 'yan ci-rani, kariya ce ko tarko?

Injiniya: Jama'a, ga magana na ajiye, mai ja ya ja. Duk zancen haƙƙin 'yan ci-rani na cikin gida, masu barin jiharsu su tafi wata neman na kai, surutu ne kawai matuƙar ba a yi musu rajista ba. Gwamnati ba za ta taimaki wanda ba ta san da zamansa ba. Ku dubi Indiya. Ranar 24 ga Maris 2020 Firaminista Modi ya sanar da kullen korona, sa'o'i huɗu kacal aka ba mutane. Aiki ya tsaya, jiragen ƙasa suka tsaya, leburori suka kama hanyar gida a ƙasa. A watan Mayu jirgin kaya ya bi ta kan mutum 16 kusa da Aurangabad, gajiya ce ta kwantar da su a kan layin dogo. Da majalisa ta tambayi ma'aikatar ƙwadago mutum nawa suka mutu a hanya, cewa ta yi ba ta da alƙaluma.

Barista: Injiniya, ranka ya daɗe, misalin nan naka ni zai yi wa aiki. A 1979 Indiya ta kafa doka kan leburorin da ake kwasa daga jiha zuwa jiha. Ta wajabta wa ɗan kwangila ya karɓi lasisi, ya rubuta sunayen mutanensa, ya biya kuɗin tafiya, ya ba su makwanci. Shekara 41 tana nan kafin korona. Me ta hana? Takarda akwai, masu bin sawu ne babu. Kuma wanda ya kawo kansa da kansa, ba ta hannun ɗan kwangila ba, dokar ba ta ma san shi ba.

Malama: Ni tsorona ya wuce na Barista. Kuna neman ƙasar da ta iya rajista? Sin ce. Tun 1958 tsarin rajistar da ake kira hukou ya rubuta kowa da garinsa. Yau leburorin da suka fito daga karkara sun kusa miliyan 300, su suka gina Shenzhen da Shanghai, amma da yawansu makarantar gwamnati da inshorar lafiya suna can ɗaure da ƙauyen da aka rubuta su. Shi ya sa miliyoyin yara suka tashi a hannun kakanni. A Nuwamba 2017 gobara ta kashe mutum 19 a unguwar Daxing ta Beijing, hukuma ta bi gidajen haya da rusau, aka watso dubban 'yan ci-rani waje cikin tsananin sanyi. An san su sarai. Sanin bai cece su ba.

Injiniya: Malama, hukou rajistar asali ce. Ni rajistar inda mutum yake aiki nake nufi.

Malama: A bakinka daban suke. A hannun jami'in da aka ce ya rage cunkoson birni fa?

Tsohon Magini: Ku bari mai hannu a siminti ya sa baki. Lebura yana kwana a kangon da yake ginawa, buhun siminti ne katifarsa, wayarsa da 'yan kuɗinsa a ɗaure a ƙugu. Ka zo masa da biro da littafi ka ce suna, kafin ka ɗago kai ya zille ta bayan gini. Yana da dalili: a saninsa, rubuta suna haraji ne ko kora. Ka tambaye shi damuwarsa kuwa, guda ce. Mai gini ya ce ya biya ɗan kwangila, ɗan kwangila ya ce ya ba foman, foman ya kashe waya. Baƙo ne, bai san kowa ba, damina ta matso, gona na jira. Haka zai haɗiye ya tafi, kuma masu cin kuɗin sun san zai tafi. Lissafinsu ke nan tun farko.

Barista: Baba ya taɓo inda ke ciwo. A nan kam Sin ta yi abin koyi. Daga 1 ga Mayu 2020 doka ta ce aikin gini sai an buɗe asusun banki na albashin leburori zalla, kuma in ƙaramin ɗan kwangila ya gudu, babban ne zai biya. Tun 2011 ma riƙe albashi da gangan laifi ne da ke kai mutum gidan yari.

Injiniya: Madalla! Asusun nan da me ake biya? Da sunaye. Dokar ta ce a rubuta kowane lebura da sunansa na gaskiya. Kun zagaya kun dawo gidana.

Tsohon Magini: Ba mu dawo ba, ɗana. Wannan sunan kuɗi yake kawowa, lebura da ƙafarsa zai kai shi.

Hajiya: Duk kun tsaya kan maza da albashi. Matar da ta biyo mijinta fa, da yaran? Abin da ya fi burge ni a Indiya shi ne gyaran katin rabon hatsi. Da, sai a inda aka yanka maka shi kake karɓa. Aka mayar da shi ya yi aiki a ko'ina, har Kotun Ƙoli ta ba jihohi wa'adin ƙarshen Yulin 2021 su aiwatar. Ba wanda aka tambaya me ya kawo shi. Haƙƙinsa ne aka kwance ya bi shi.

Ɗan Auta: Barista, tambaya. Sashe na 41 na kundin tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya ce ɗan ƙasa zai zauna inda ya ga dama, na 42 ya hana wariya saboda asali. To me ya sa har yanzu ake neman takardar ɗan asalin jiha wajen gurbin karatu da aiki?

Barista: Saboda kundin da kansa ya kawo zancen ɗan asali wajen naɗa ministoci, ƙanena, jihohi kuma suka ɗora a kai. Wannan muhawarar wata rana ce. Injiniya, zan sa hannu a rajistarka da sharaɗi biyu: kada a tilasta, kuma doka ta haramta miƙa sunayen ga masu kame da masu rusau.

Injiniya: In ba tilas, rabinsu ba za su zo ba.

Hajiya: Ka fara ɗaura mata katin asibiti da gurbin makarantar yara, sannan mu ƙirga waɗanda ba su zo ba.