Repetar ɗin wifi na gidanmu shina yawan yanke intanet, ku taimaka

Ɗan_Bagalam:

Assalamu alaikum ƴan uwa. Don Allah masu sanin harkar wifi ku agaza min da shawara. Gidanmu gidan yawa na, modem ɗin 4G mai sim shina ɗakin Yayana can bakin zaure, ni kuma sashena na ƙarshen gida, tsakaninmu akwai ɗakuna uku na siminti da ɗakin girki, rufin duk kwano na. Rezon wifi bai isowa wurina sai in na hito tsakar gida, shi ya sa na sayo repetar, abin nan da ke ƙara ma wifi nisa, a babbar kasuwa, irin ƙaramin nan da ake cusa ma priz mai kunnuwa biyu, na danna maɓallin haɗawa da ake ce ma WPS sunka haɗu da modem ba wata wahala, na kai shi ɗakina na jona.

To matsalar ita ce, waya ta nuna sandunan wifi cike taf amma abu ba ya tahiya, kana cikin kiran WhatsApp sai murya ta tsaya, wani lokaci ta rubuta an haɗu amma babu intanet. In na zare shi na maida sai ya dawo na ɗan lokaci sannan ya koma gidan jiya. Abin ya hi tsanani in anka ɗauke wuta anka maido, da kuma da rana tsaka. Mai shagon ya ce in kawo ya canza min wani amma sai na yi ciko, ban sani ba ko abin na ya lalace ko ni na ban iya saitawa ba.

mai_gyara_SabonGari:

Wa alaikumus salam ɗan uwa. Kar ka kai ciko tukuna, repetar ɗinka lafiya lau yake a ganina, wurin da ka ajiye shi ne matsalar. Sandunan da kake gani a waya ƙarfin da ke tsakanin wayarka da repetar ne kawai, dole su cika tunda yana gefen gadonka. Ba su gaya maka komai kan abin da ke tsakanin repetar da modem ba, kuma can ne igiyar take tsinkewa. Shi repetar ba ya ƙirƙiro intanet, abin da ya jiyo daga modem shi yake maimaitawa, to kai da bakinka ka ce rezo bai isowa ɗakinka, ka kuma ɗauke shi ka kai ɗakin, me zai jiyo balle ya maimaita?

Ga gwajin da za ka yi ba ko dala. Ka tsaya daidai priz ɗin da yake, ka haɗa wayarka da wifin modem kai tsaye, ba na repetar ba. Ka sauke irin manhajar nan da ke auna wifi, suna da yawa a Play Store kyauta, za ta ba ka lamba da dBm, wato ma'aunin ƙarfin sigina. Lambar da alamar ragewa take zuwa, -50 ya yi kyau ƙwarai, -60 ba laifi, in ta kai -67 zuwa -70 kana bakin iyaka, in ta wuce -75 ka manta kawai. Sai ka riƙa takawa kana matsawa wajen ɗakin Yayanka har ka samu inda take tsakanin -55 da -65, nan ne mazaunin repetar, galibi tsakiyar hanya. Ka ɗaga shi sama kamar tsayin kai, kar ya zauna bayan firigo ko kusa da tankin ruwa ko ƙofar ƙarfe, ruwa da ƙarfe suna shanye sigina sosai, siminti mai rodi ma haka.

Kuma ka sani tun yanzu, irin ƙananan nan masu 2.4 GHz kaɗai rediyo ɗaya gare su, da shi suke saurare da shi suke magana, don haka ko ka saita komai daidai kusan rabin gudun modem za ka samu. Haka aka ƙera su, ba cuta ba ce.

Injiniya_AliDanSofo:

Abin da malam ya hwaɗi gaskiya na amma bai taɓa zancen wuta ba, kuma ni nan hankalina ya tsaya, tunda ka ce in anka maido wuta abin ke ɓaci. Ga abin da ke hwaruwa. Wuta na dawowa su biyun suke tashi tare, repetar ƙarami na shina gama tashi da sauri, modem kuwa sai ya ɗau minti ɗaya ko biyu kahin ya kama 4G ya buɗe wifi. Repetar ya duba bai ga uban gidanshi ba, wasu sai su fara raba ma wayoyi adireshin IP da kansu, wayarka ta amshi adireshin da ba ya kaiwa ko'ina, shi ya sa take ce ma an haɗu amma babu intanet, kuma shi ya sa in ka zare ka maida yake gyaruwa, don lokacin modem ya riga ya tashi.

Ka juya repetar ɗin ka duba takardar da ke manne a bayanshi, akwai adireshin shiga saitinshi, ka shiga ka kashe DHCP nashi, wato abin da ke rabon adireshin nan, mai rabon adireshi ɗaya ya kamata a samu cikin gida, modem kenan. Ka kuma tabbata adireshinshi bai zo ɗaya da na modem ba, yawancin modem masu sim 192.168.8.1 ko 192.168.0.1 ko 192.168.1.1 suke, in sunka yi karo ka canza ma repetar lambar ƙarshe. Ka rubuta sabuwar a takarda hwa, in ka manta ta sai dai ka danna reset ka faro daga farko.

Na biyu tashar wifi. Modem na zuwa da ita a kan auto, duk tashin da ya yi shina iya zaɓar wata daban, repetar mai araha kuma wani lokaci ba ya bin shi sai an tada shi. Ka roƙi Yaya ya bar ka ka shiga modem, ka kafe ta kan 1 ko 6 ko 11, su ukun nan ne ba su hawa kan juna a 2.4 GHz, manhajar da malam ya ce za ta nuna ma wadda maƙwabta ba su cika ba. Faɗin tashar ka sa 20 MHz, kar 40.

Zancen rana tsaka kuwa ina zargin zahi na. Garin ga cikin Afrilu da Mayu muna wuce digiri 40, ɗaki mai kwano ba silin ya hi haka, abin kuma roba ce ruhe ba fanka ciki. Ka taɓa shi da azahar, in ya yi zahin da ba ka iya riƙewa to kashe kanshi yake shina tashi. In da hali ku sai ma modem ɗan batirin nan na 12V da ke riƙe shi in wuta ta tahi, rabin rigimar ga ta ƙare.

Maman_Biyu:

Ƙanena kafin ka shiga duk wannan lissafin nasu, lokacin da abin ya yanke ka taɓa aika yaro ya tambayi Yayanka ko shi ma ta yanke mishi? Don mu nan gidan mun daɗe muna zagin repetar ashe daga sama ne, bayan magariba kowa ya hau rezo sai ya yi nauyi. Sannan ka ƙirga masu kod ɗin wifinku. Yaro ɗaya ya sani to layin duka sun sani, yanzu ma da QR suke ba juna ba sai sun karanta ba. Wasu ƙananan modem na aljihu waya 10 ko 16 kawai suke ɗauka, in sun cika wanda ya zo daga baya waje zai tsaya. Ka canza kod ka gani.

Ɗan_Bagalam:

Na gode ƙwarai, Allah shi saka da alheri. Malam na auna, a priz ɗin ɗakina -79 ta nuna, bakin ɗakin girki kuma -63. Hajiya na tambayi Yaya, ya ce wurinshi ba ta yankewa sai dai nauyi da dare, kod kuwa kin yi gaskiya, na ga wayoyin da ban san masu su ba, mun canza. Damuwar ita ce bakin ɗakin girki babu priz, kuma in na sa shi nan hayaƙi da ruwan damina za su same shi. Wani abokina ya ce akwai wanda ke bi ta wayar wuta, ko shi zan nema?

mai_gyara_SabonGari:

-79 ai ka ga amsarka. Na wayar wutar da abokinka ke faɗi powerline sunansa, yana aiki amma sai in sashenku da na Yaya kan kwantar wuta ɗaya kuke kuma wayarin gidan mai kyau ne, gidajen yawa da aka yi ta jone-jone shekara da shekaru ban cika ba da shawararsa ba, kuɗinka za ka zubar.

In kana son ka huta gaba ɗaya ka duba ƙasan repetar ɗin ko yana da ramin kebul na LAN, yawanci suna da guda. In akwai, ka sayi kebul Cat5e ko Cat6, ka ja daga bayan modem har ɗakinka, kebul ɗin na kai mita 100 ba tare da ya rage komai ba, gidanku bai kai haka ba. Sai ka juya repetar daga yanayin repeater zuwa AP, wato ya riƙa karɓar intanet ta kebul yana rabawa ta wifi, wasu ɗan maɓalli ne a gefe wasu a cikin saiti. Daga nan ba ruwansa da bango ko kwano, kuma rabin gudun da na ce yana ci ya dawo maka. Wajen saye ka ce a yanka maka ɗan guntu ka kankare da wuƙa, in cikin ya fito fari alminiyom ne aka shafa wa jan ƙarfe, yana saurin karyewa, ka nemi jan ƙarfe zalla. Ka zura shi cikin tiyo inda zai bi waje saboda rana, kuma kar ka rataya shi sama daga rufi zuwa rufi, in aka yi tsawa da damina ta nan take shiga ta ƙone modem.

Injiniya_AliDanSofo:

Kebul shi na magani na ƙarshe, ban musa ba, amma malam ka bari yaron ga ya gwada na banza tukun. Ɗan Bagalam ka samu ralonj mai tsawo ka kai repetar bakin ɗakin girkin na kwana biyu, ka kafe tasha, ka kashe DHCP. In ya zauna lahiya sai ka kira mai wuta ya hiddo ma priz ƙarƙashin baranda inda ruwa bai kaiwa. Ko ka koma AP ma DHCP ɗin nan sai ka kashe shi, in ba haka ba matsalar bayan ɗauke wuta na nan.

Ɗan_Bagalam:

To madalla, akwai ramin LAN ɗin, na duba. Zan fara da ralonj ɗin yau da dare in Allah ya so. Malam mai gyara, kawunan kebul ɗin masu shago ke matse su ko sai na kawo ma?