Tambaya: Daga yamma wata yake fitowa ko daga gabas?

Mai Neman Sani ya rubuta:

Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Ina neman bayani a kan wani al'amari da ya daɗe yana ɗaure mini kai. Idan wata ya tsaya, a yamma ake ganin jinjirinsa da almuru, kuma ba ya jimawa sai ya faɗi; amma idan ya kai kwana 14, daga gabas yake ɓullowa cikakke daidai faɗuwar rana, ya kwana yana haske. Daga nan kuma sai ya riƙa makara, har ya kai ga sai mai sammako ne yake ganinsa. Shin mafitarsa ce take sauyawa? Kuma mene ne haɗin girmansa da lokacin fitowarsa?

Ɗalibin Falaki ya amsa:

Wa alaikumus salam, Malam. Wata bai taɓa fitowa daga yamma ba. Kullum ta ɓangaren gabas yake fitowa ya faɗi ta ɓangaren yamma, kamar rana da taurari, domin juyawar da duniya take yi a kan kanta ita ce take nuna mana su haka. Jinjirin da kake gani da almuru ya fito tun da safe, jim kaɗan bayan fitowar rana, ya wuni yana biye da ita a baya, sai dai haskenta ya danne shi. Sai bayan ta faɗi yake bayyana, a lokacin da shi ma yake gab da faɗuwa.

Abin da yake sauyawa shi ne lokaci. Wata yana kewaya duniya yana nufar gabas, kuma a kowace rana yakan ƙara tazara da rana da kimanin digiri 12 (digiri ma'aunin kusurwa ne, cikakken zagaye digiri 360 ne). Ita kuwa duniya digiri 15 take juyawa a awa guda, saboda haka sai ta ƙara juyin kusan minti 50 kafin ta cim masa a sabon matsayinsa. Wannan makarar ta minti 50 ita ce take taruwa. Idan ya kai wajen kwana 7 zai zama rabi, ya fito da tsakar rana, magariba ta same shi a ƙololuwar tafiyarsa, ya faɗi da tsakar dare. A kwana 14 zuwa 15 yana fuskantar rana daga ɗaya gefen, shi ya sa tana faɗuwa yana fitowa, tana fitowa yana faɗuwa. Wajen kwana 22 zai koma rabi, amma ɗaya gefen ne yake da haske, kuma sai tsakar dare yake fitowa, har a gan shi fari fat da hantsi ya karkata yamma. Daga nan sai ya zama siririn jinjiri a gabas kafin ketowar alfijir ko bayansa kaɗan, sannan ya ɓuya na dare biyu ko uku saboda ya haɗu da rana. Girmansa da lokacin fitowarsa duk abu ɗaya ne yake haddasa su, wato tazarar da take tsakaninsa da rana a sararin sama.

Uwar Ɗalibai ta rubuta:

Allah ya saka da alheri, Malam, bayani ya fito. Sai dai ina jin mutane da yawa suna cewa inuwar duniya ce take rufe wani ɓangare na wata, shi ya sa yake raguwa. Ina so a fayyace wannan, domin har a bakin masu karatu nakan ji shi.

Ɗalibin Falaki ya amsa:

Malama, wannan magana ba daidai ba ce, kuma ya kamata a gyara ta duk inda aka ji ta. Wata ba shi da hasken kansa, na rana yake mayarwa, kuma a kowane lokaci rabinsa yana cikin haske, rabinsa yana cikin duhu. Abin da yake bambanta shi ne yawan abin da yake fuskantarmu daga rabin mai haske. Ki gwada da kanki: ki kunna fitila ɗaya a ɗaki mai duhu, ki miƙa hannu riƙe da ƙwallo, ki riƙa juyawa a hankali, za ki ga haske ya fara daga siririn baki, ya zama rabi, ya cika idan kin ba fitilar baya. Inuwar duniya tana taɓa wata ne kawai a lokacin husufi, wanda ba ya faruwa sai wata ya cika, kuma ba kowane wata ba, domin hanyarsa ta karkace da kimanin digiri 5 daga hanyar da duniya take bi wajen kewaya rana, sai ya zamana yawanci yana wucewa ta sama ko ta ƙasan inuwar.

Mai Duban Sama ya ƙara:

Ina tare da Malam, sai dai kada a riƙe minti 50 ɗin nan kamar ƙa'idar da ba ta motsi, domin matsakaici ne kawai. Hanyar wata ba da'ira ce cikakkiya ba: wani lokaci yakan matso zuwa kimanin kilomita 363,000, wani lokaci ya nisanta zuwa kimanin 405,000, kuma ya fi sauri idan yana kusa. Mafitarsa ma tana kai da komo tsakanin arewa maso gabas da kudu maso gabas a cikin wata guda, kuma wannan yana rage makarar ko ya ƙara ta, musamman a ƙasashen da suke can arewa ko can kudancin duniya.

Sannan mai tambaya zai iya cin karo da lissafi biyu a littattafai. Wata yana kammala kewaya duniya a kwana 27.3, amma daga haɗuwarsa da rana zuwa wata haɗuwar kwana 29 ne da awa 12 da minti 44, saboda ita ma duniya ta yi gaba a hanyarta, dole ya ƙara tafiyar kwana biyu da ɗoriya kafin su sake daidaita. Na biyun shi ne lissafin da cikarsa da raguwarsa suke bi.