Daga Kano zuwa Gembu a kan keke, ina neman shawararku

Ɗan Gwammaja: Assalamu alaikum jama'a. Shekara biyu ke nan duk ranar Lahadi ina taka keke zuwa Wudil in dawo, yanzu kuma na ɗaura niyyar babbar tafiya. Ina so in tashi daga Kano in je Gembu a kan tsaunin Mambila, ni kaɗai, kayana a bayan keke. Hanyar da na zana ita ce Wudil, Birnin Kudu, Ningi, Bauchi, Gombe, Numan, Jalingo, Bali, Serti, sai hawa. Ta haura kilomita 1,000. Na samu hutun mako uku a wurin aiki. Na sayi ƙaramin tanti, niyyata duk inda rana ta faɗi in ratse cikin daji in kafa in kwana. Don Allah ku ba ni shawara a kan keke, kaya da lokacin tafiya.

Baba Mai Faci: Wa alaikumus salam. Yaro, wane irin keke ne da kai? Daga nan za mu fara.

Ɗan Gwammaja: Na gwanjo ne Baba, mai giya, taya lamba 26. Amma ina tunanin sayar da shi in sayi irin na masu tsere, mai siririyar taya.

Baba Mai Faci: Kul ka sayar. Wanda ke hannunka shi ne keken tafiyar. Mai siririyar taya ba ya son nauyi, ba ya son rami, kuma ranar da tayarsa ta tsage a ƙauye ba za ka samu irinta ba sai ka koma babban gari. Lamba 26 kuwa kusan duk mai gyaran keke na kasuwar mako yana da ita. Ka kai shi a buɗe masa komai kafin tafiya, a sa sabuwar sarƙa da sabuwar wayar birki, a ɗaure sifoki. Kariyar baya ta zama ta ƙarfe, domin ƙarfe in ya karye kowane mai walda zai haɗa maka. Ka riƙe tif biyu, kayan faci, famfo, sifoki biyar da ƙaramin sifana. Kuma ka iya faci da hannunka tun daga gida, don tsidau da ƙaya ba sa jiran ka iso gari. Sirdin da jikinka ya saba da shi kada ka canza shi ana jibi tafiya.

Malamin Firamare: Maganar lokaci, ƙarshen Nuwamba zuwa Janairu ya fi. Damina ta wuce, rana ba ta yi tsanani ba. In ka bari har Maris ko Afrilu, kwarin Binuwai wajen Numan zafinsa yana wuce digiri 40, ba wurin taka keke da kaya ba ne. Amma ka san iskar hunturu daga arewa maso gabas take busowa. Daga Kano zuwa Bauchi ba za ta dame ka sosai ba, daga Bauchi zuwa Gombe kuwa gabas ka fuskanta, da ita za ku yi ta kokawa tsawon kusan kilomita 150. Ka ware wa wannan yankin kwana uku, kada ka ce biyu.

Tsohon Direba: Ni duk maganar keke ban sa baki ba, maganar kwana a daji ce ta hana ni yin shiru. Ɗana, wannan tsarin ka gani ne a wurin Turawa masu yawo a ƙasashensu. A nan, baƙo da aka tsinta cikin dare a bayan gari, shi kaɗai, ya kafa tanti, ga fitila ga waya, babu wanda zai fara ɗaukarsa ɗan yawon buɗe ido. Mutanen ƙauye sun sha wuya a hannun ɓarayin daji, 'yan banga suna sintiri da bindigar toka, kuma kafin ka gama bayani mai afkuwa ta afku. Na shekara fiye da ashirin ina jan mota a hanyar Gombe zuwa Yola, ban taɓa kwana inda ba a san da ni ba. Ka shiga gari tun la'asar, ka yi sallama, ka tambayi gidan mai unguwa ko dagaci, ka faɗi daga inda kake da inda za ka. Zai ba ka zaure, ko ya haɗa ka da liman, ko ya ce ka kafa tantinka a harabar makarantar firamare. Wanda mai gari ya sauke, gari duka ya sauke shi.

Ɗan Gwammaja: Na ji Baba. Sai dai gaskiya abin da ya ja ni tun farko shi ne kaɗaicin. Ina son daren da babu hayaniya, ni da taurari kawai.

Tsohon Direba: Za ka samu. Ƙauyen da babu wutar lantarki, bayan isha'i shiru ne kamar babu kowa, taurari kuma har sai ka gaji da kallo. Kaɗaici kuwa wuni guda kana kan sirdi ba mai yi maka magana, zai ishe ka. Ka je da takarda daga mai unguwarku da hatiminsa, da katin shaidar ɗan ƙasa, da na wurin aikinka. Shingayen jami'an tsaro suna da yawa. Ka sauka daga keke tun kafin ka iso, ka gaishe su, in sun ce ka kwance kaya ka kwance ba musu. Kuma kowace safiya ka tambayi direbobin tasha yadda gaba take. Ranar da suka ce wani yanki ba lafiya, ɗora keken a mota ka tsallake shi, ba wanda zai ce ba ka yi tafiya ba.

Ma'aikaciyar Jinya: Ina goyon bayan Baba Direba, kuma ga ƙarin dalili. Yankin Billiri da Kaltungo ƙasar kububuwa ce, shi ya sa ma aka yi asibitin masu saran maciji a Kaltungo. Kada ka shimfiɗa tabarma cikin ciyawa ko gindin duwatsu, kada ka fita bayan gida da dare ba tocila, ka kakkaɓe takalmi da safe saboda kunama. In tsautsayi ya faɗa, ban da tsaga wurin, ban da tsotsa, ban da ɗaurewa tamau, a nemi mota zuwa asibiti kawai. Ka tafi da gidan sauro ko da hunturu ne, bakin Binuwai ba ya rabuwa da sauro. Sai ruwan gishiri da suga: lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali shida na suga, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Ka riƙa sha tun ƙishi bai kama ka ba. In fitsarinka ya yi duhu, ruwan jikinka ya yi ƙasa.

Malamin Firamare: Guzuri kada ya yi nauyi. Garin rogo, ƙuli-ƙuli, dabino da ɗan kilishi sun isa, sauran ka ci a hanya, ga mai shayi ga fura da nono. Ruwa ne ba a yi masa rowa, kada ya gaza lita huɗu a jikin keke. Ka riƙe tsabar kuɗi ƙanana a wurare biyu, ba ko'ina masu POS ke da sabis ba. A Birnin Kudu ka tsaya ka ga tsoffin zane-zanen jikin duwatsu. Yankari kuwa kwanarta tana Dindima a hanyar Gombe, in za ka ratse don wanka a ruwan ɗumi na Wikki sai ka ƙara kwana biyu a lissafi, ka kuma sa a ranka cewa daga ƙofa mota za ka nema, dajin akwai giwaye.

Ɗan Serti: Sannu da niyya Malam. Ni a nan Gashaka nake, hedikwatar gandun dajin Gashaka Gumti a garinmu take. Daga Jalingo zuwa Bali zuwa nan garuruwa suna da nisa da juna fiye da yadda ka saba a ƙasar Kano, ka cika jarkokinka duk inda ka ga famfo. Ainihin aikin daga Mayo Selbe yake farawa, hawan Biyu da Sisi. Da kaya a baya, mafi yawansa turawa za ka yi da ƙafa, don haka ka kwana a ƙasa ka fara da asuba. Hanyar kwana-kwana ce, manyan motoci na gangarowa, ka riƙe gefenka. A sama tsayin ya kai mita 1,600, sanyin Nguroje da Gembu a Disamba ba irin na Kano ba ne, ka zo da bargo na gaske da rigar sanyi da safa. Ranar dawowa kuma ni dai shawarata ka sa keken a mota. Gangaren nan yana cinye birki.

Ɗan Gwammaja: Allah ya saka muku da alheri. Na sauya tsari: kilomita 70 a rana, tashi bayan asuba, hutu daga azahar, shiga gari kafin la'asar sakaliya, hutun yini guda a Bauchi da Jalingo. Tantin zan tafi da shi amma sai inda mai gari ya nuna mini. Saura in shawo kan mahaifiyata, har yanzu ba ta amince ba.

Ma'aikaciyar Jinya: To wannan ka fara da shi kafin sayen ko tif ɗaya. Ka rubuta mata sunayen garuruwan da za ka kwana da ranakunsu, ka yi alkawarin kira kowace magariba, ka bar wa wani ɗan'uwanka lambar wanda ya sauke ka a kowane zango.

Baba Mai Faci: Kuma kafin Nuwamba ka ɗaure kayan nan duka a kan keken, da ruwan da komai, ka je Birnin Kudu ka kwana ka dawo. Abin da zai kwance ya kwance a nan kusa. In ka dawo ka faɗa mana me ya yi ƙara, sai in gaya maka abin da za a ɗaure.