Muhawara: A ƙyale tsohuwar manhajar lissafin shago ko a sauya ta?

Alhaji: Salamu alaikum. Ina sayar da kayan masarufi a kan sari a Kano. Manhajar da muke lissafin kaya da bashi a cikinta da Visual FoxPro, wani kayan rubuta manhaja na kamfanin Microsoft, aka rubuta mana ita, tana kan kwamfuta mai Windows XP. Wanda ya rubuta ta ya rasu, asalin rubutun da ya haɗa ta da shi kuma ba ya hannunmu. Yarana sun matsa a sauya, ni kuwa na ce tunda tana aiki a ƙyale ta, ai da tsohuwar zuma ake magani.

Injiniya: Wa alaikumus salam, Allah ya jiƙansa. Alhaji, tuba nake, amma ina bayan yaranka. Tun 2007 kamfanin Microsoft ya sanar cewa daga Visual FoxPro 9 an rufe, a Janairun 2015 kuma ya janye tallafi gaba ɗaya. Windows XP tun Afrilun 2014 aka daina toshe mata kafofin ɓarna. A Mayun 2017 cutar WannaCry ta kulle kwamfutoci har a asibitocin gwamnatin Ingila, ta hanyar wata kafa da ba a toshe ba. Dukiyar mutane ce fa a ciki.

Baba Akawu: Yaro, WannaCry ta hanyar sadarwa ta bi. Alhaji, kwamfutar tana hawa intanet?

Alhaji: Ko kusa. Firinta kawai ke jone da ita.

Baba Akawu: To ka ji. Na ga shagon da aka sauya wa manhaja, aka koma biyan kuɗin wata da dala, ranar da sabis ya ɗauke ciniki ya tsaya cak. Tsohuwar kuwa yaran shago ko ido a rufe suna buga rasit da ita. Wannan sabon da suka yi da ita ma dukiya ne.

Injiniya: Baba, filashin da ake sokawa fa? Ta nan ma cuta ke shiga.

Hajiya: Ku yi haƙuri in sa baki, don aikina ke nan. Duk kuna ta magana a kan manhaja, alhali abin da ba ya sayuwa a kasuwa shi ne bayanan: wa ake bi, nawa, tun yaushe. Abin da na fi ji wa Alhaji tsoro shi ne faifan ajiyar da ya tsufa, sai kuma wutar NEPA. In aka ɗauke wuta ana tsakiyar shigar da ciniki, fayil na iya lalacewa. FoxPro kan ajiye tebur ɗaya, wato jerin bayanai kamar na masu bashi, a fayil uku. Mai ƙarewa da dbf shi ne ainihin lissafin, cdx jerin bincike ne, in ya lalace ana sake gina shi, fpt kuwa nan dogayen bayanai ke zama. An taɓa kawo mini filashi cike da dbf babu fpt ko ɗaya, duk abin da aka rubuta a gefen sunayen masu bashi, irin su wanda ya tsaya wa mutum da ranar alkawari, babu shi. Jakar gaba ɗaya ake kwafa, kuma sai an rufe manhajar tukuna. A duba girman fayil ma, domin dbf ba ya wuce gigabait 2.

Auta: Anti, me zai hana a juye komai cikin Excel a huta?

Hajiya: Ƙanena, a nan ake yin ɓarna. In aka bi ta fayil ɗin CSV, wato fayil na rubutu zalla da ake kwashe bayanai da shi, ba a kula ba, Excel zai cinye sifirin farkon lambar waya, 080 ya koma 80, rana da wata kuma su iya musanya wuri. Sannan a FoxPro abin da aka goge alama kawai ake sa masa, yana nan kwance har sai an ba da umarnin PACK. Wasu kayan juyewa sukan taso da shi, sai ka ga bashin da aka soke tuni ya dawo kan bawan Allah. Shi ya sa bayan juyewa dole a gwada jimillar bashi da ta kaya, tsohuwa da sabuwa, su yi daidai har kwabo.

Injiniya: To ai maganata ke nan, a kwashe a koma sabuwa.

Hajiya: A'a, ban ce haka ba. In da Visual FoxPro 9 aka yi ta, galibi tana tashi a Windows 10 da 11 idan aka haɗa mata fayilolin da take dogaro da su. FoxPro 2.6 ta zamanin DOS, tsohon tsarin da ya riga Windows, ce ba ta tashi kai tsaye a Windows mai bit 64. Ana kuma iya ɗaukar hoton faifan dungurungum a zaunar da XP ɗin cikin VirtualBox, manhajar da ke kwaikwayon kwamfuta a cikin kwamfuta, a sabuwar kwamfuta, ba tare da intanet ba. Inda ake shan wahala shi ne in manhajar na da makulli, wato 'yar na'urar da ake sokawa a tsohuwar kafar firinta wadda ba ta tashi sai da ita.

Baba Akawu: Kuma in shagon kamfani ne mai rajista, dokar kamfanoni ta 2020 ta ce a adana takardun lissafi shekara 6. Ko an sauya, tsohuwar sai ta zauna a inda za a iya buɗe ta.

Injiniya: Na yarda da VirtualBox a matsayin mafaka ta ɗan lokaci. Amma ranar da ake son ƙara wani abu a rasit, wa zai taɓa manhajar da ba a da asalin rubutunta? Ina nan a kan bakana, a sa ranar sauyi tun yanzu.

Alhaji: Sauyi dai ban amince ba tukuna. Kwafin ne na ga bai kamata ya kwana ba. Hajiya, guda nawa za a yi?

Hajiya: Uku, ranka ya daɗe, ɗaya kuma ya kwana a gida ba a shago ba, saboda gobara. Amma sai an buɗe shi a wata kwamfutar an ga lissafin jiya ya fito kafin a kira shi kwafi. Ka sa yaro ya leƙa bayan kwamfutar ya turo mini hoton abin da ke soke a kafar firinta.